Sherif, Kurkuku da Baƙi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsare Masu Matsalar Takardu a Gidajen Yarin Gundumomin Amurka

Duk lokacin da aka ji an kama wani namu a Amurka saboda takardu, tambayar farko da iyalinsa ke yi ita ce, ina aka kai shi? Sau da yawa amsar takan ba mutane mamaki. Ba wani sansanin gwamnatin tarayya aka kai shi ba, yana cikin kurkukun wata gunduma, a hannun wani jami'i da mutanen yankin suka zaɓa da ƙuri'arsu. Wannan jami'in shi ya ce a kawo, shi ya sa hannu a yarjejeniya, sau tari kuma yana alfahari da hakan a gaban 'yan jarida. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan, na ɗauki labarin Thomas Hodgson na gundumar Bristol a jihar Massachusetts ya zama ginshiƙi, domin a kansa an ga farkon abin, an ga ƙarshensa. Ba zan ɓoye ba, ina tare da masu sukarsa.

Wane ne sherif, kuma ina ruwansa da baƙi?

Sherif jami'in tsaro ne na gunduma, kada a haɗa shi da Sharifai da muka sani a gida. Gunduma a can ta yi kama da ƙaramar hukuma a wajenmu, kuma akwai sherif kusan 3,000 a faɗin ƙasar. Abin da ya bambanta shi da shugaban 'yan sanda shi ne, a mafi yawan jihohi zaɓensa ake yi kamar ciyaman. Gwamna ba ubangidansa ba ne, shugaban ƙasa ma haka. A wasu jihohin yana da 'yan sintiri masu kama mutane a titi, a Massachusetts kuwa babban aikinsa riƙe gidan yari ne, wa'adinsa shekara shida.

A tsarin mulkinsu, shige da fice aikin gwamnatin tarayya ne. Babu dokar tarayya da ta tilasta wa sherif ya ba da ɗakunan kurkukunsa haya. Wanda ya yi, sau da yawa ganin damarsa ne, shi ya sa sukar ke sauka a kansa.

To yaya mutumin da tarayya ta kama yake ƙarewa a kurkukun gunduma?

Hukumar ICE ta shige da fice, wadda aka kafa a 2003 a ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida, ita ke kama baƙi tana tasa ƙeyarsu. Gidajen tsarewar da ta mallaka da kanta 'yan kaɗan ne. Don haka haya take yi. Mafi yawan gadajen na kamfanoni ne masu zaman kansu, manyansu GEO Group da CoreCivic, saura kuma na gundumomi. Ana ƙulla yarjejeniya, a yanka kuɗin kwana a kan kowane mutum, ICE ta kawo shi, gandirobobin gunduma su kulle shi.

Akwai wata hanya ta biyu da ake kira 287(g), lambar wani sashe ne da dokar 1996 ta shigo da shi. A ƙarƙashinsa ana horar da ma'aikatan sherif su riƙa bincikar takardun duk wanda aka kawo kurkuku, ko da laifin tuƙi ne, su miƙa sunansa ga ICE. Mutum ya shiga a kan fitilar mota da ta mutu, ya wayi gari ana maganar jirgin da zai mayar da shi ƙasarsu. Hodgson ya riƙe duka biyun, hayar gadaje da kuma 287(g).

Ai sun karya doka. Me ya sa za a ga laifin wanda ya kulle su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma masu yin ta ba mugaye ba ne. Kowace ƙasa tana da iyaka, tana da ikon cewa wane zai zauna, wane zai tafi. Babu mai gardama a nan.

Amma a dokar Amurka kanta, zama ba takarda ba laifi ba ne irin na sata ko kisa. Kotun Ƙolin ƙasar ta faɗi haka a 2012 a shari'ar jihar Arizona da gwamnatin tarayya: a ƙa'ida, ci gaba da zaman baƙon da ya cancanci kora ba aikata laifi ba ne. Tsallaka iyaka ta ɓarauniyar hanya ƙaramin laifi ne, gaskiya, sai dai ɗimbin mutane da biza suka shiga ta filin jirgi, wa'adi ya ƙare musu. Wasu kuma da ƙafarsu suka je bakin iyaka suka ce mafaka suke nema, abin da doka ta halatta. Wasu suna da katin zama na dindindin, wani tsohon laifi da suka riga suka gama hukuncinsa shekaru da suka wuce ya taso musu.

Shi ya sa a takarda ake cewa wannan tsarewa ba hukunci ba ce, ajiya ce kawai har a gama shari'ar kora. Tun 1896, a shari'ar wani ɗan China mai suna Wong Wing, Kotun Ƙoli ta ce ba za a yi wa baƙo horo da aikin wahala ba sai an yi masa cikakkiyar shari'a. To ga inda gizo ke saƙar. An ce ba hukunci ba ne, amma mutum na sanye da kayan fursuna, ana ƙirga shi sau da yawa a rana, ana tuɓe shi a caje shi, idan za a kai shi asibiti a sa masa ankwa hannu da ƙafa, idan ya yi gardama a jefa shi ɗakin kaɗaici. Gandiroban da aka horar ya riƙe ɗan fashi shi ne ke riƙe da mai wankin kwanuka a gidan abinci. Ɓarawon da aka yanke wa wata shida ya san ranar fitarsa, yana ƙirga kwanaki a bango. Baƙon da ke ɗaki na gaba bai san tasa ba. Idan wannan ba hukunci ba ne, ban san sunan da za a ba shi ba.

Wane ne Thomas Hodgson, me ya jawo masa bakin jini?

Gwamna William Weld ne ya naɗa shi sherif na Bristol a 1997, daga nan ya yi ta cin zaɓe har ya shekara 25 a kujerar. Ɗan jam'iyyar Republican ne a jihar da 'yan Democrat suka yi wa kaka-gida. Gundumar tasa ita ce ta ƙunshi biranen New Bedford da Fall River, garuruwan masunta da tsofaffin masaƙu, cike da zuriyar 'yan Fotugal da Kef Bade, da kuma 'yan Guatemala masu aikin gyaran kifi. Wato gari ne da baƙi suka gina. Mutanen New Bedford ba su manta da watan Maris na 2007 ba, lokacin da jami'an tarayya suka dira wata masana'antar ɗinkin kayan soja suka kwashe ma'aikata 361, yara da yawa suka dawo daga makaranta ba su tarar da iyayensu ba.

Tun kafin maganar baƙi ta yi zafi an san shi da tsanani. A 1999 ya dawo da ɗaure fursunoni da sarƙa ana fita da su aiki. Ya ɗora musu harajin dala 5 a kowace rana, har babbar kotun jihar ta soke shi a 2010. A watan Janairun 2017, ranar da aka rantsar da shi a sabon wa'adi, ya yi tayin tura fursunoninsa su taya gina katangar da Donald Trump ya yi alkawari a iyakar Meziko. Bayan wata biyu ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar wakilai ya ce a kama shugabannin biranen da suka ƙi ba ICE haɗin kai. A 2020 shi ne shugaban girmamawa na yaƙin neman zaɓen Trump a jihar.

A harabar kurkukunsa da ke North Dartmouth akwai gini na musamman na baƙi, mai suna C. Carlos Carreiro. A can abin ya faru.

Me ya faru ranar 1 ga Mayu, 2020?

A tuna da lokacin. Korona ta shigo, ana mutuwa a Massachusetts, babu rigakafi. Baƙin da ke tsare suna kwana a babban ɗaki guda, gado a kan gado, ba inda mutum zai matsa. Tun watan Maris lauyoyi suka shigar da ƙara a madadinsu, alƙalin tarayya William Young ya fara duba su ɗaya bayan ɗaya yana ba da belin waɗanda ba su da haɗari, mutane da dama suka fita. Hodgson bai ji daɗin haka ba, bai kuma ɓoye ba.

A ranar, an tambayi mutanen wani ɗaki ko suna jin alamun ciwo. Kimanin goma suka ce suna ji. Aka ce su tattara kayansu, za a kai su wani sashe a yi musu gwaji. Suka ƙi, suna tsoron a kai su inda cutar ta fi yawa ko a kulle su a kaɗaici. Sherif da kansa ya shiga ɗakin. Wani daga cikinsu yana kan waya, aka yi sa-in-sa, aka kai ga kokawa. Ma'aikata suka fesa barkono suka fice, wasu daga cikin tsararrun suka jefi kujeru, suka tare ƙofa da tebura, suka lalata kaya.

Har nan labarin ɓangarorin biyu bai yi nisa da juna ba. Abin da ya biyo baya ne ya raba su. Hodgson ya ce tarzoma aka yi, shi aka fara kai wa hari, ma'aikatansa sun yi abin da ya dace. Babbar lauyar jihar ta lokacin, Maura Healey, wadda daga baya ta zama gwamna, ta sa aka bincika, aka kalli bidiyo, aka ji shaidu. Rahoton da ta fitar a watan Disamba na wannan shekarar bai wanke tsararrun ba, ya tabbatar wasunsu sun yi ɓarna. Amma ya nuna cewa ɗakin ya riga ya lafa na tsawon lokaci kafin rundunar ta dawo. Maimakon a yi magana da su ta ƙofa, sai aka jefa gurneti mai ƙara da walƙiya, aka harba harsasan barkono, aka shigo da karnuka, a kan mutum 25 da wasunsu ba su ɗaga ko tsinke ba. An fesa barkono a rufaffen ɗaki ga mutanen da ake zargin suna ɗauke da ciwon huhu. An kai wasu asibiti numfashi na sarƙe su, wani sai da aka danna masa ƙirji kafin ya farfaɗo. Ofishinta ya yanke cewa an keta haƙƙinsu, ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce kima.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wancan lokacin da ɗakin ya yi shiru. Fushi na farko kowa na iya yinsa. Amma an samu sarari, an zauna, an shirya, an ɗauko karnuka. Hodgson ya ce rahoton siyasa ce. Ko da siyasa ce ta sa aka rubuta shi, bidiyon ba 'yan siyasa suka ɗauka ba, ma'aikatansa ne.

Me ya biyo baya?

Ranar 20 ga Mayu, 2021, ministan tsaron cikin gida Alejandro Mayorkas ya ba da umarnin soke yarjejeniyar Bristol, har da ta 287(g). A rana guda aka sanar da janye hannu daga gidan tsarewa na gundumar Irwin a jihar Georgia, inda wata ma'aikaciyar jinya, Dawn Wooten, ta tona yadda ake yi wa mata ayyukan mahaifa da ba su fahimta ba. A Nuwamban 2022 Paul Heroux, magajin garin Attleboro, ya kayar da Hodgson da ɗan ƙaramin rinjaye. Ba maganar baƙi kaɗai ta kayar da shi ba, yawan fursunonin da suka kashe kansu a kurkukunsa ya taka rawa sosai a kamfen ɗin.

Ana cewa harkar kuɗi ce. Haka ne?

A wurare da yawa, e. Kuma ba jam'iyya ɗaya ba ce. Gundumar Hudson a jihar New Jersey ta 'yan Democrat ce gaba da baya, shugabanta Tom DeGise shi ya tsaya kai da fata a kan yarjejeniyarsu da ICE, wadda ke biyan dala 120 a kan kowane mutum a kwana. A yi lissafi: mutum 100 dala 12,000 ke nan a rana, fiye da dala miliyan 4 a shekara. A Nuwamban 2020 majalisar gundumar ta sabunta yarjejeniyar har zuwa shekara goma, bayan mutane sun shafe sa'o'i suna roƙon kada a yi. Masu zanga-zanga suka riƙa tsayuwa a ƙofar gidansa da dare. Kafin shekara ta zagayo gundumar ta janye.

Matsalar a fili take. Idan albashin gandirobobi da gyaran rufin kurkuku sun dogara ga yawan kawunan da ke ciki, to gado maras kowa asara ne. Wanda ke cin riba idan an daɗe ba zai zama mai gaggawar a saki ba. Shekaru da dama ma majalisar dokokin tarayya tana rubutawa a kasafin kuɗi cewa dole ICE ta riƙe gadaje 34,000.

Mafi munin misali na gundumar Etowah ne a jihar Alabama, wadda kurkukunta da ke garin Gadsden ya daɗe yana riƙe da ɗaruruwan baƙi, wasu shekara da shekaru, ba filin da za su fita su sha iska. Wata tsohuwar dokar jihar ta ba sherif damar ya riƙe rarar kuɗin abincin fursunoni a matsayin nasa. A 2018 'yan jarida suka gano cewa sherif Todd Entrekin ya sa fiye da dala 750,000 a aljihu cikin shekara uku, ya kuma sayi gidan dala 740,000 a bakin teku. Ya ce bai karya doka ba, kuma ba a same shi da laifi ba. To amma kowa ya san daga ina rarar abinci ke fitowa. Daga cikin kwanon mutum take fitowa, cokali cokali. Ya faɗi zaɓen fid da gwani a wannan shekarar, jihar ta gyara dokar a 2019, ICE ta sanar da barin kurkukun a 2022.

Su kuma magoya bayan irin waɗannan jami'ai me suke cewa?

Suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi musu rowar kunne ba. Na farko, suna cewa cikin waɗanda ake tsarewa akwai masu laifi na gaske. Gaskiya ne, akwai. Na biyu, idan aka sallami mutum daga kurkuku ba a miƙa shi ga ICE ba, jami'an za su bi shi gida ko wurin aiki, a nan kuma sukan haɗa da duk wanda suka tarar. Wannan ma yana faruwa. Na uku, kuɗin yana rage wa talakan gunduma haraji.

Amsata ita ce, mai laifi akwai kotun laifi dominsa, a kai shi, a yanke masa. Kasancewar mugu ɗaya a ɗaki bai halatta a yi wa sauran ashirin da huɗu horon mugu ba. Game da tsaro kuwa, shugabannin 'yan sanda na manyan birane da yawa sun daɗe suna faɗin akasin haka: idan baƙi suka ɗauki ɗan sanda a matsayin ɗan aiken ICE, matar da mijinta ke duka ba za ta kira ba, wanda ya ga kisa ba zai ba da shaida ba. Joe Arpaio na gundumar Maricopa a Arizona, wanda ya kwantar da fursunoni a tantuna cikin zafin hamada, ya nuna inda hanyar ke kaiwa. Kotu ta same shi da tsayar da mutane saboda kamanninsu na 'yan Latin, ya ƙi bin umarni, aka same shi da laifin raina kotu a 2017, Trump ya yafe masa. Kuɗin da shari'ar ta ci, masu biyan harajin gundumar ne suka biya.

Idan gunduma ta rufe ƙofa, sakin mutanen ake yi?

Ba kullum ba, kuma a nan ne masu suka su ma suke da abin amsawa. Sau da yawa ICE kwashe su take yi ta kai Louisiana ko Texas, wani ƙauye mai nisan sa'o'i daga lauya mafi kusa. Shi ya sa lokacin rikicin Hudson wasu lauyoyin New York masu kare baƙi kyauta suka roƙi kada a rufe, domin aƙalla suna iya tsallaka kogi su ga mutanensu, iyali ma su kai ziyara. Na fahimci wannan sosai. Uwar da ke hawa bas ta ga ɗanta ta bayan gilashi ba za ta gode wa wanda ya sa aka kai shi jihar da ba ta taɓa jin sunanta ba.

Duk da haka jihohin California da Illinois da New Jersey sun yi dokokin hana gundumominsu wannan haya. Hujjarsu ita ce yawan kamun yana bin yawan gadajen da ke kusa. Ni a ganina rufewar da ba a haɗa da neman sakin kowane mutum da sunansa ba, rabin aiki ce.

Har tsawon wane lokaci ake riƙe mutum? Ba beli?

Akwai beli ga wasu, mafi ƙanƙanta dala 1,500, kuma dole a biya duka. Dokar 1996 ta hana wasu rukunoni beli gaba ɗaya, dokar Laken Riley ta Janairun 2025 ta ƙara faɗaɗa su, ta haɗa da wanda aka kama da zargin sata a kanti ko da ba a yanke masa hukunci ba. Wanda aka riga aka yanke wa kora amma ƙasarsa ba ta karɓe shi ba, Kotun Ƙoli ta ce a 2001 bayan wata shida sai gwamnati ta nuna akwai alamar tafiyar. Wanda shari'arsa ke gudana kuwa yana iya shekara, yana iya fin haka.

Kuma gwamnati ba ta ba shi lauya. Wanda ake tuhuma da kisa yana da lauyan gwamnati kyauta, mai neman mafaka ba shi da shi. Alƙalan shige da ficen ma ma'aikatan ma'aikatar shari'a ne, ba alƙalai masu cin gashin kansu ba. Mutane da yawa da ke da hujja mai kyau sukan sa hannu a takardar kora don gajiya kawai.

Mu me ya shafe mu?

Akwai Hausawa da 'yan zango a Bronx da Harlem na birnin New York da sauran birane, daga Kano, Yamai, Kumasi, Accra, masu tuƙin tasi, masu kitso, masu aikin asibiti. Ba duka ne takardunsu suka cika ba. 'Yan Afirka sun sha ɗanɗana waɗannan gidaje. A Disamban 2017 jirgin da ya ɗauko Somaliyawa 92 ya tsaya a Dakar ya juya Amurka, suna cikin ankwa kusan kwana biyu, aka kai da yawansu kurkukun gundumar Glades a Florida, inda daga baya wasunsu suka kai ƙara kan hana su Alƙur'ani da abincin halal. A ƙarshen 2020 an kwashi 'yan Kamaru masu neman mafaka an mayar, ƙungiyar Human Rights Watch ta bi sawunsu ta rubuta irin azabar da wasu suka tarar a gida. A gundumar Butler ta jihar Ohio, inda sherif Richard Jones ya taɓa kafa allo a gaban kurkuku mai nuna cewa nan ne masaukin baƙin haure, wani ɗan Kamaru da wani ɗan Somaliya sun kai ƙara a 2020 suna zargin duka.

Na ga abin a kusa. Mijin wata ƙanwata ya yi wata bakwai a kurkukun wata gunduma, bizarsa ce ta ƙare. Wani dare ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa don kada yara su farka. Ta ce, "Yaya, yau ya kira, minti huɗu kuɗin suka ƙare. Ya ce in daina sa masa na waya, in sa na shago, taliyar leda yake saye ya ajiye don sahur." Azumi ne, abincin dare ana kawo shi tun rana na sama, idan ya ɓoye a ɗaki a ƙwace a caje. Lokacin salla da hasken wata 'yar taga yake kintata shi. Abin da ya fi cin ta ba yunwar ba ce. Babbar 'yarsu ce ta tambaye ta, "Umma, me Abba ya sata?" Ta rasa amsa, don bai saci komai ba. Duk wanda ya taɓa samun ɗan'uwa a gidan tarhil na Shumaisi, tsakanin Jidda da Makka, ya san irin wannan jiran.

Mu ma ai ba mu da bakin magana, ko?

Muna da tabo, gaskiya. Ghana ta kori baƙi a 1969 zamanin Busia, Najeriya ta rama a 1983 zamanin Shagari, har jakar leda ta samu suna. A 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar Borno, aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Har yau ana zubar da mutane a hamada kusa da Assamaka, a iyakar Nijar da Aljeriya. Sanin wannan ciwon ne ya ba mu bakin magana, bai ƙwace mana shi ba.

Idan an kama wani nawa, me zan fara yi?

A nemi lambarsa ta shige da fice, wadda ke farawa da harafin A, tana kan duk takardun da hukumar ta taɓa ba shi. Da ita da sunan ƙasar haihuwa ana iya duba inda yake a shafin ICE na intanet, a riƙa dubawa kullum domin ana sauya wa mutane wuri ba sanarwa. A gaya masa kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba, ya nemi tafinta, Hausa ma ana iya nema. Ya sani ana naɗar hirar waya. A nemi lauyan shige da fice na gaske ko ƙungiyar da ke yi kyauta, a guji 'yan cuwa-cuwa masu alkawarin fito da shi cikin mako. A tattara shaidar zama, takardun haihuwar yara, rasit na haraji, wasiƙar limami ko mai gidan haya, domin ranar neman beli. Yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, amma mai neman mafaka ya tambayi lauya tukuna.

Yanzu ina aka kwana?

Faɗuwar Hodgson ba ta rufe kasuwar ba. A Massachusetts kurkukun gundumar Plymouth ya ci gaba da karɓar baƙi. Yawan waɗanda ke hannun ICE ya faɗi ƙasa da 15,000 a farkon 2021, a 2025 ya haura 60,000, kuma a Yulin wannan shekarar majalisa ta ware dala biliyan 45 don ƙara gadaje. Sherif Jones na Butler, wanda ya bar yarjejeniyar a 2021, ya koma mata a 2025. Cikin waɗanda aka kawo masa akwai Imam Ayman Soliman, ɗan Masar, wanda ya yi aikin rarrashin yara marasa lafiya da iyayensu a asibitin yara na Cincinnati. An kama shi a watan Yuli lokacin da ya kai kansa ofishin ICE kamar yadda aka umarce shi. Ya yi fiye da wata biyu a kurkukun, Musulmi da Kiristoci da Yahudawan garin suna ta fitowa dominsa. A watan Satumba gwamnati ta janye ƙarar, ta mayar masa da mafakarsa, ya fito.